Ƙwayar Cuta Ba Iri Ɗaya Ba Ce

Kalmar ƙwaya tana cikin kalmomin Hausa da aka fi jibga wa kaya. Akwai ƙwayar hatsi da ƙwayar ido da ƙwayar zarra. Likita na rubuta ƙwayar magani, mashayi kuma a kira shi ɗan ƙwaya. Da ilimin kimiyya ya shigo sai aka ƙara mata nauyi biyu, aka ce ƙwayar halitta, aka ce ƙwayar cuta. Abin da ya haɗa waɗannan duka shi ne ƙanƙanta da zama guda tilo, kuma ga mai nazarin ma'ana wannan yaɗuwa abin sha'awa ce. A ɗakin shan magani kuwa tana jawo hasara. Uwa ta kawo yaro mai mura, an gaya mata ƙwayar cuta ce ta kama shi, ita kuma ta daɗe da sanin cewa akwai maganin kashe ƙwayoyin cuta. Idan ta dage sai an rubuta mata shi, ko ta fita ta sayi kafso a hannun mai talla, ba za a ga baikenta ba. Lissafinta daidai yake bisa kalmomin da aka ba ta. Abin da ke kawo mura bairos ne, maganin da take nema kuwa an yi shi ne domin bakteriya, kuma tazarar da ke tsakanin waɗannan halittu biyu ta fi ta tsakanin mutum da kuka.

Ɗaliban jinya da unguwarzoma da na awon jini, a Yamai ko Damagaram, a Garwa ko Njamena ko Tamale, suna haɗuwa da wannan bambanci tun a shekarar farko, cikin darasin ƙwayoyin halitta da ƙananan halittu. Suna koyonsa da Faransanci ko Ingilishi. Da yawansu suna ɗaukarsa shinge ne da za a tsallake kafin a kai ga aikin gaske, wato allura da ƙarin ruwa da karɓar haihuwa. A haddace, a ci jarrabawa, a manta. Wannan kuskure ne babba, domin kusan duk hukuncin da ma'aikacin lafiya zai yanke a gaban majinyaci daga wannan darasi yake tsiro. Kuma ɗalibi bai mallaki darasin ba sai ranar da ya iya faɗarsa da harshen da majinyacin yake ji. A nan ne maganar ta shafi masu nazarin Hausa, don su ne ke fassara saƙonnin rediyo da takardun wayar da kai.

Ya kamata a fara da girma, tun da ido ba ya taimakawa. Idan aka raba milimita ɗaya gida dubu, kashi ɗaya shi ne maikiromita. Jar ƙwayar jini faɗinta maikiromita 7 zuwa 8 ne. Bakteriyar hanji da ake kira Escherichia coli tsawonta kamar maikiromita 2 ne. Bairos ɗin shan inna kuwa bai wuce kashi 3 cikin 100 na maikiromita ɗaya ba, madubin ƙara girma na ɗakin awo kuma ba ya rarrabe abin da ya gaza kashi ɗaya cikin biyar na maikiromita. Ke nan mai awo yana iya ganin bakteriya, yana iya ganin ƙwayar zazzaɓin cizon sauro cikin jini, amma ba zai taɓa ganin bairos ɗin ƙyanda ko na shan inna da wannan madubi ba komai ƙwarewarsa. Shi ya sa tarihin ganowar ya zo daki-daki. Robert Hooke ya ga ƴan ɗakuna a ɓawon itace a 1665. Antonie van Leeuwenhoek, ɗan kasuwar yadi a garin Delft na ƙasar Holan, ya ga bakteriya a 1676 da madubin da ya goge da hannunsa. Robert Koch ya nuna bakteriyar tarin fuka a 1882. Bairos kuwa an fara gane shi ne ta hanyar aikinsa, a 1892, lokacin da Dmitri Ivanovsky ya tace ruwan ganyen taba mai cuta da matacin da ke riƙe bakteriya, ya ga ruwan bai daina harbin lafiyayyen ganye ba. Ganinsa da ido sai da aka ƙera madubin lantarki a shekarun 1930.

Girma somin taɓi ne. Inda maganar take da nauyi shi ne gini. Ƙwayar halittar ɗan Adam tana lulluɓe da tantani mai laushi, a cikinta akwai cibiya wadda ke ɗauke da sinadarin gado, akwai ƴan murahu da ke ƙona abinci su fitar da ƙarfi, ana ce musu mitokondiriya, akwai kuma ƴan masaƙu da ke saƙa furotin, su ne ribozom. Bakteriya ita ma ƙwayar halitta ce cikakkiya, tana ci, tana girma, tana rabuwa biyu. Sai dai ba ta da cibiya, sinadarin gadonta a sake yake a cikinta, kuma a bayan tantaninta akwai katanga mai tauri wadda ƙwayar mutum ba ta da irinta. Wanda ya san tayar keke ya san wannan tsari: tantani shi ne tub, katanga ita ce taya. Ruwa yana matsa tantanin daga ciki, katangar ce ke hana shi fashewa. Fenisilin da danginsa, irin su amoksisilin da seftiriyazon, aikinsu guda ne, su hana bakteriya ɗinke katangarta yayin da take girma. Katanga ta yi rauni, tub ya kumbura, bakteriya ta fashe. Majinyaci kuwa ya sha lafiya, saboda ƙwayoyin jikinsa ba su da katangar da za a rushe. Wasu magungunan, kamar tetirasaikilin da jentamaisin da kuloramfenikol, ribozom suke kamawa, suna cin gajiyar cewa na bakteriya ya bambanta da na mutum a girma da siffa.

A nan akwai wani abin lura da ɗalibi kan tsallake. Mitokondiriyar da ke cikin ƙwayar mutum tana da ribozom nata na kanta, kuma ya fi kama da na bakteriya. Wannan na cikin dalilan da suka sa kuloramfenikol, idan aka yawaita shi, yake danne ɓargo ya rage yin jini. Ma'aikacin da ya san haka ba zai ɗauki gargaɗin da ke takardar magani a matsayin tsoratarwa kawai ba.

To, ina bairos a cikin wannan hoto? Babu shi. Bairos ba ƙwayar halitta ba ne. Ɗan guntun sinadarin gado ne a naɗe cikin rigar furotin, wani lokaci da mayafin kitse a sama. Ba shi da katanga, ba shi da ribozom, ba ya ci, ba ya rabuwa. Shiga yake cikin ƙwayar mutum ya karɓe masaƙunta, ya sa ta ta ƙera masa dubban irinsa. Maganin da aka yi domin rushe katanga, idan ya je bai tarar da katanga ba, me zai rushe? Wannan ita ce amsar da uwar yaro mai mura take buƙata, kuma ba ta fi ƙarfin fahimtarta ba. Mura da ƙyanda da shan inna da shawara da yawancin zawon ƙananan yara duk aikin bairos ne. Wasu ana kare su da allurar rigakafi, wasu garkuwar jiki ke gamawa da su, ƴan kaɗan kuma, irin su bairos mai karya garkuwar jiki, suna da magunguna nasu na musamman waɗanda ba su da aiki a kan bakteriya.

Zazzaɓin cizon sauro kuma aji na uku ne. Alphonse Laveran, likitan sojan Faransa, shi ya fara ganin ƙwayarsa cikin jinin majinyaci a Kusantina ta Aljeriya a 1880, Ronald Ross kuma ya tabbatar da hannun sauro a Indiya a 1897. Wannan halitta tana da cibiya kamar ƙwayar mutum, ba ta da katangar bakteriya, don haka fenisilin ba ya taɓa ta. Tana fara sauka a hanta, daga nan ta shiga jajayen ƙwayoyin jini, ta hayayyafa, ta fasa su bayan kimanin awa 48, ta shiga wasu. Zafin jiki da rawar ɗari da ƙarancin jini duk daga wannan fashewa suke. Kalmar zazzaɓi ita ma tana da nata ruɗani, domin a bakin jama'a kusan ta zama sunan cutar sauro, alhali kuwa alama ce kawai wadda bairos da bakteriya da farasit duk suke kawowa. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a gwada jini kafin a ba da maganin. Gwajin gaggawa minti 15 zuwa 20 yake ɗauka. Wahalar tana zuwa ne idan sakamako ya nuna babu, yaro kuma jikinsa na zafi. A wannan gaɓa ma'aikacin da bai riƙe darasin shekarar farko ba yakan haɗa maganin sauro da maganin bakteriya ya ba da, wai ko ɗaya zai dace.

Babu cutar da ta fi sanƙarau nuna wa mutanen yankin Sahel amfanin wannan ilimi. Yankin da ake kira ɗamarar sanƙarau ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha, ya ratsa ƙasashe 26, kuma cutar tana tashi ne da rani, lokacin hunturu da ƙura har zuwa bazara. A annobar 1996 zuwa 1997 an ƙidaya fiye da mutum 250,000 da suka kamu, kimanin 25,000 suka rasu. Majinyaci ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, an ɗebi ruwan laka. Abin da ke biyo baya dabara ce da wani likita ɗan ƙasar Denmak, Hans Christian Gram, ya fito da ita a 1884. Ana rina samfurin da shuni, a wanke da barasar awo, a sake rinawa da jan launi. Bakteriya mai kaurin katanga tana riƙe shunin farko. Mai siririyar katanga tana sakinsa ta ɗauki ja. Idan mai awo ya ga ƴan ƙwayoyi ja-ja bibbiyu, suna fuskantar juna kamar ɓari biyu na goro, ya san meningokok ne, mai haddasa annoba, kuma dole a sanar da hukuma a sa ido a kan unguwar. Idan bibbiyun sun riƙe shuni, alama ce ta nimokok, wanda ya fi kisa ga wanda ya kama. Aiki ne na ƴan mintoci, da kayan da ba su da tsada, kuma rinin ba komai yake nunawa ba face kaurin katangar nan da aka zana wa ɗalibi a allo.

Labarin bai tsaya nan ba. Meningokok yana sanye da riga ta sinadarin sukari a bayan katangarsa, rigar kuma iri-iri ce, ana lakaba musu haruffa: A, C, W, X, Y. Allurar rigakafi tana koya wa garkuwar jiki gane riga ne. A ƙarshen 2010 aka fara yin allurar MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar, wadda aka yi domin nau'in A, kuma cikin ƴan shekaru annobar nau'in A ta kusa ɓacewa daga yankin. Sai ga shi a 2015 sanƙarau ya sake ɓarkewa a Nijar, ya kama fiye da mutum 8,000, wannan karo nau'in C ne. Uban da aka yi wa ɗansa allurar sanƙarau, ɗan kuma ya kamu da sanƙarau, yana da haƙƙin tambaya. Idan ma'aikaci bai iya gaya masa cewa ɓarawon ya canja riga ba ne, cewa an koya wa mai gadi fuskar wani sai wani ya shigo, to uban zai yanke hukuncin cewa allurar ƙarya ce, kuma zai faɗa wa majalisarsa. Sabuwar allura mai kare nau'i biyar, wadda Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da ita a 2024, za ta shiga ƙauyukan da aka riga aka yi wannan zance.

Sai batun lissafi. Bakteriyar hanji, idan ta sami abinci da ɗumi, tana rabuwa biyu duk minti 20. Guda ɗaya cikin awa 7 ta haura miliyan biyu. A cikin irin wannan taro ba a rasa ƴan tsiraru da kuskuren kwafin sinadarin gado ya ba su kariya daga wani magani, kuma bakteriya na iya miƙa wa maƙwabciyarta wannan kariya ko da ba jinsinsu ɗaya ba. Duk lokacin da aka sha maganin, masu rauni su mutu, masu kariya su gaji filin. Yaron nan mai mura da aka ɗura wa amoksisilin, bairos ɗinsa bai ji komai ba, amma bakteriyar da ke zaune lafiya a hanjinsa da maƙogwaronsa an tace ta, an bar masu taurin kai. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a Landan a 1928, ya yi gargaɗi a kan shan abin da bai kai ƙima ba tun a jawabinsa na karɓar lambar Nobel a 1945. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 bakteriya masu bijire wa magani sun yi sanadin mutuwar mutum miliyan 1.27 kai tsaye, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki hasara.

Nan ma harshe yana da hannu. Ana yawan jin mutum ya ce jikinsa ya saba da magani, shi ya sa ba ya yi masa aiki. Wannan jimla ta ɗora abin a kan jiki, ta mai da shi matsalar mutum ɗaya. Gaskiyar ita ce bakteriyar ce ta bijire, kuma tana tafiya daga hannu zuwa hannu, daga masai zuwa rijiya, har ta kama jaririn da bai taɓa shan maganin ba. Fassarar da ta ce jiki ya saba ta koyar da akasin abin da ake nufi. Haka nan fassarar da ke kiran maganin bakteriya maganin rigakafi, wadda ake yawan cin karo da ita a rubuce, tana gaya wa mai karatu ya sha tun kafin ya kamu.

Bakteriyar tarin fuka kuwa a hankali take, rabuwa ɗaya tana ɗaukar mata awa 15 zuwa 20, katangarta kuma cike take da kitse mai kama da kakin zuma. Dalilin da ya sa maganinta yake kai wata 6 ke nan, da magunguna huɗu a watanni biyu na farko. Majinyacin da ya ji sauƙi a wata na biyu ya daina sha ba taurin kai ne kaɗai ya sa shi ba; sau da yawa ba wanda ya ba shi dalili.

Wani illar kalmar ƙwayar cuta shi ne ta sa ana ganin duk ƙaramar halitta abokiyar gaba ce. Jikin babban mutum yana da ƙwayoyin halitta kimanin tiriliyan 30, bakteriyar da ke zaune tare da shi kuma adadinta ya kai haka ko ya ɗan fi, mafi yawanta a babban hanji, tana taya narka abinci, tana tare wa miyagu wuri. Bafulatanar da ke zuba ɗan tsohon nono cikin sabuwar madara don ta kwana ta zama kindirmo, shukar bakteriya take yi. Mai daddawa da ke rufe dafaffiyar kalwa kwana biyu ko uku, ita ma haka. Malamin da ya fara darasinsa daga ƙwaryar nono ya riga ya sami rabin ajin.

Ɓangaren ƙwayar halittar mutum ma ba ado ba ne. Bakteriyar kwalara ba ta shiga jini. Dafi take saki wanda ke tilasta wa ƙwayoyin bangon hanji su riƙa fitar da gishiri, ruwa kuma ya bi gishirin, har mutum ya bushe cikin awoyi. Amma a tantanin waɗannan ƙwayoyi akwai wata ƙofa da dafin bai lalata ba, wadda ke shigar da gishiri idan ya zo tare da sukari. Gishiri ya shiga, ruwa ya biyo shi. Sirrin ruwan gishiri da sukari ke nan. A 1971, a sansanin ƴan gudun hijira na iyakar Indiya da Bangaladash, Dakta Dilip Mahalanabis ya yi amfani da shi bayan ruwan ƙari ya ƙare, mace-mace suka sauko daga kimanin kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 4. Wanda ya san ƙofar ya san abin da ya sa ba a ƙara sukari don daɗi, ba a kuma rage ruwan da aka ce a zuba.

Amosanin jini, wato sikila, shi ne ya fi fito da ruɗanin kalmomi fili. Canji ne na tubali guda a cikin furotin ɗin da ke ɗaukar iska a jini. Idan iska ta yi ƙaranci furotin ɗin ya dunƙule, jar ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi, ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon kwana 120. Idan uwa da uba duk masu ɗauke da shi ne, wato AS da AS, kowane ciki yana da haɗarin kashi ɗaya cikin huɗu. Kowane ciki, da lissafinsa dabam. Ba a ce idan na farko ya kamu ukun da ke biye sun tsira ba. To amma a rubuce-rubucen Hausa ana kiran jar ƙwayar da ta lanƙwashe ƙwayar halitta, ana kuma kiran abin da aka gada daga iyaye ƙwayar halitta. Jimla ɗaya sai ta ce ƙwayar halitta ta lalata ƙwayar halitta. Masu shirin aure da aka tura gwaji ba za su fahimci komai daga wannan ba.

Akwai masu ganin duk wannan ya wuce buƙatar ma'aikacin jinya. Hujjarsu ita ce an riga an tsara masa jadawali: in ka ga alama kaza, ba da magani kaza. Hujja ce mai ƙarfi, kuma jadawalin ya ceci yara masu yawa a wuraren da babu likita. Sai dai jadawali ba ya amsa tambayar uwa, ba ya kuma tsayawa da ƙafarsa idan mai kuɗi ko mai sarauta ya matsa. Wanda ya san dalili ya fi jure matsi. Kuma akwai wuraren da jadawali bai kai ba. Wasu bakteriya, irin mai kawo cutar sarƙewar haƙora, suna ƙulle kansu cikin ƙwanso mai jure tafasasshen ruwa. Kashe su sai tukunyar tururi mai zafin digiri 121 na minti 15 aƙalla. Ranar da tukunyar ta lalace, unguwarzomar da ta san ƙwanso ce kaɗai za ta san cewa almakashin da aka tafasa bai kai na tukunya tsarki ba.

Wasu kuma kukansu rashin kayan aiki ne, kuma gaskiya ne makarantu da yawa madubinsu bai wadaci ɗalibai ba. Amma madubi mai ɗaukar hasken rana ba ya jiran lantarki, ɓawon albasa da ɗigon kindirmo da shuɗin rini kuma ba su fi ƙarfin kowace makaranta ba. Laifin da ya kamata a amsa shi ne na manhaja. Ana cinye makonni ana tilasta wa ɗalibi haddar jerin sunayen sinadarai da ba zai sake haɗuwa da su ba, a bar bambancin katanga da tantani a shafi guda. Dole kuma a yarda cewa ilimi kaɗai ba zai rufe tallar kafso ba. Mutumin da asibiti ya yi masa nisan yini, kuɗin mota ya fi kuɗin magani, zai saya a inda ya samu. Wannan matsala ce ta hukuma. Abin da ke hannun ma'aikaci shi ne kada takardarsa ta ƙara wa wutar itace.

Hujja ta uku ita ce mafi rauni, ko da yake ita aka fi ji: wai Hausa ba za ta ɗauki wannan ilimi ba. Mai wannan magana bai leƙa asalin kalmomin da yake girmamawa ba. Kalmar da Turawa ke kiran ƙwayar halitta da ita asalinta ƙaramin ɗaki ne a Latin. Bakteriya a Girkanci ƴar sanda ce. Bairos a Latin dafi ne. Maleriya a Italiyanci mummunar iska ce, sunan Faransanci na cutar kuma daga fadama aka samo shi, duka biyun suna ɗauke da tsohon kuskure game da sanadinta, alhali sunan Hausa na zamani ya ambaci sauro kai tsaye. Ƙarshen kalmar meningokok da nimokok kuwa daga kalmar Girkanci yake mai nufin ƙwayar hatsi. Ashe Girkawa ma ƙwaya suka ce. Bambancin kawai shi ne masana sun zauna sun ƙayyade wa kowace kalma iyakarta, suka tsaya a kai.

Aikin da ke gaban masu Hausa ke nan, kuma ba ya buƙatar ƙirƙirar kalmomi masu wuya. Ƙwayar cuta ta zauna a matsayin sunan tarayya, kamar yadda dabba ta tara akuya da kura, amma duk inda magani ya shigo zance a ambaci aji: bakteriya, ko bairos, ko farasit, ko dangin fumfuna. Aron waɗannan sunaye ba abin kunya ba ne ga harshen da ya ari allura da sabulu daga Larabci, ya ari asibiti da likita daga Ingilishi. A bar ƙwayar halitta ga tubalin jiki kaɗai, abin da ake gada a ce masa ƙwayar gado. A ce maganin bakteriya, a ajiye rigakafi ga allurar da ake yi kafin cuta. Inda siffantawa ta fi aro, a siffanta. Garkuwar jiki ƙirƙira ce da ta zauna daram har ba a jin baƙuntarta. Matsalar da za ta rage ita ce ta iyaka, domin wanda ya yi karatu da Faransanci da wanda ya yi da Ingilishi ba su furta bairos iri ɗaya, kamar yadda cuta guda take sida a Maraɗi, take ƙanjamau a Katsina. Majinyata kuwa suna ƙetare iyakar nan kullum, suna sauraron gidajen rediyo ɗaya. Daidaita kalmomi goma ko ashirin tsakanin masu fassara na ɓangarorin biyu ya fi buga ƙamus mai kauri da ba mai buɗewa.

Makarantun lafiya kuma suna iya ƙara abu guda a jarrabawar wannan darasi, ba tare da sun taɓa harshen koyarwa ba: minti biyar na baka, ɗalibi ya zauna gaban wanda ya tsaya a matsayin uwar yaro mai mura, ya yi mata bayani da Hausa, ko Zabarmanci, ko Fulatanci, gwargwadon inda zai yi aiki. Abin da ake son ji daga bakinsa bai wuce ya ce: Inna, abin da ya kama shi irin wanda kafso ba ya kashewa ne, jikinsa ne zai kore shi cikin kamar mako guda. Ki ci gaba da ba shi mama da ruwa, ga maganin zafin jiki. Amma ki duba ƙirjinsa. In kin ga numfashinsa ya yi sauri, ko ƙasan haƙarƙarinsa na shiga ciki, ko ya ƙi kama mama, ko ya yi jijjiga, ki dawo da shi nan take ko da tsakar dare ne, don a lokacin mai yiwuwa bakteriya ce ta sauka a huhu, ita kuwa akwai maganinta. Mai jarrabawa kuma ya tambaye shi iyakar saurin, ya amsa: numfashi 50 ko fiye a minti ɗaya ga ɗan wata 2 zuwa 11, numfashi 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5.